Abin da gawayin buntun shinkafa ya koya mini game da ruwan rini

Binciken da na yi a karatun digiri na biyu a kan tace ruwan rini ne da gawayin buntun shinkafa. Ana gasa buntun a tanda mai zafin digiri 500 ba tare da iska ta shiga ba, don ya zama gawayi maimakon toka, sannan a jiƙa shi a sinadarin KOH (wani sinadari mai kaifi, dangin soda), a sake gasa shi, a yi ta wankewa har kaifin sinadarin ya fita. Wannan ne ke buɗe ƙananan ramuka a jikinsa, inda rinin yake maƙalewa.

Abu na farko da na fahimta shi ne gawayi yana da zaɓi. Rinin da ake kira shuɗin metilin yana ɗauke da cajin lantarki na fozitif, shi kuwa gawayin idan ma'aunin pH na ruwa ya yi sama, wato tsamin ruwan ya ragu, sai fuskarsa ta zama negatif, fozitif da negatif kuwa suna jan juna, saboda haka kana tsaye za ka ga kwalbar da ta yi shuɗi shar ta fara washewa. Rinin da ake kira jan Kongo kuwa, mai cajin negatif, bai kamu sosai ba sai da aka ƙara wa ruwan tsami. Ashe sai an san irin rinin kafin a zaɓi sinadarin gyaran gawayi.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai na same shi ne da muka gwada ruwan da masu rinin shadda ke zubarwa a magudanun Kano. Ruwa ne mai duhu da wari, yana santsi a hannu saboda soda, ga gishiri, ga launuka iri-iri a gauraye, kuma dukkansu suna rige-rigen shiga ramukan nan. Gawayin da ya yi abin mamaki a tataccen ruwa mai rini guda ɗaya sai ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Tun daga nan nake taka-tsantsan da duk sakamakon da aka samu a rini guda ɗaya tak, domin masu lambu a gefen kogin Jakara na Kano ba da ruwa mai rini guda ɗaya suke ban-ruwa ba.

Sannan rinin bai mutu ba, wurin zama kawai ya sauya. Idan aka watsar da gawayin a juji, ruwan sama na iya mayar da wani ɓangaren rinin cikin ƙasa. Shi ya sa yanzu na karkata ga gawayin da aka ɗora wa sinadarin ƙarfe, wanda ake janyewa da maganaɗisu a wanke a sake amfani da shi, duk da cewa ƙarfinsa yana raguwa bayan kowane wanki.