Itacen da ba ya son iska

Har yanzu idan na tuna da wancan ɗan guntun itace, sai gabana ya faɗi. A Vindolanda ne, sansanin sojojin Rumawa da ke arewacin Ingila, dab da Ganuwar Hadrian, inda na je aikin tonon kayan tarihi tare da ɗalibai da 'yan sa-kai.

Aikin saman ƙasa ba abin da zan ce a kansa: cokalin gini, bokiti, baro, ruwan sama. Labarin yana can ƙasa. Rumawa sun fara kafa sansanin ne wajen shekara ta 85 Miladiyya, kuma duk sanda za su sake gini sai su rushe tsohon, su lulluɓe shi da yumɓu, su ɗora sabo. Yumɓun nan ya toshe iska, shi ya sa fata da itace da ciyayin shimfiɗa suke nan ba su ruɓe ba. Warin wurin kuwa, sai wanda ya shaƙa. A wannan zurfin ba a kankara da cokali. Da shebur ake yanko laka gunduwa-gunduwa, ka tsuguna ka riƙa ɓarewa da yatsu a hankali.

Ina cikin ɓarewa sai ga wani itace siriri, kaurinsa bai wuce na farce ba. Babban yatsana ya riga ya nufi goge lakar sai wata dattijuwa da ke gefena, wadda ta daɗe tana zuwa aikin, ta cafke wuyan hannuna. "Ɗana, kar ka shafa! Kira shugabar rami." Kafin in farga an tsoma shi cikin ruwa an rufe.

Dalilin shi ne, a kan irin waɗannan itatuwa sojoji da iyalansu suke rubuta wasiƙu da tawadar gawayi. Da Robin Birley, masanin tonon kayan tarihi, ya fara gano su a 1973, iska na taɓa su suka yi baƙi, rubutun ya ɓace wa ido, sai da hoton infrared, wato na wani haske da ido ba ya gani, aka iya karanta shi. A cikinsu akwai wasiƙar Claudia Severa, tana gayyatar ƙawarta Sulpicia Lepidina bikin zagayowar ranar haihuwarta, wajen shekara ta 100, har da gaisuwar da ta ƙara da hannunta. Abin da ya shekara kusan 1,900 a ƙasa lafiya lau, shafa ɗaya ta isa ta gama da shi.

Nawa dai da aka duba, ba rubutu a jiki. Duk da haka ban daina jin yatsan nan yana tafiya ba. An faɗa mana wannan doka tun ranar farko, amma kunne ne ya ji, hannu bai ji ba, shi kuwa hannu da ya ga datti gogewa yake so ya yi.

Wanda zai je, ya nemi safar hannu marar kauri, wadda zai ji abu ta cikinta, don da mai kauri sai ka karya itace ba ka sani ba. Ya zauna kusa da tsofaffin hannu, ya kalli yadda suke ɓare laka kafin ya taɓa tasa. Kuma kada kunya ta hana shi kiran shugabar rami a kan kowane ɓawo. Ni bayan ranar nan na yi ta kiranta har a kan sassaƙen kafinta, ba ta taɓa ɓata rai ba, kowanne sai ta karɓa da hannu biyu ta duba.