Kasubi: Hubbaren Ciyawa Da Wuta Ta Cinye A Dare Guda

Wani taro ne ya kai ni Yuganda. Na tashi daga Kano, muka ya da zango a Addis Ababa, muka sauka Entebbe a bakin Tafkin Victoria da sassafe, sannan mota ta yi da mu kimanin kilomita 40 zuwa Kampala. Kwana uku ina zaune a ɗakin taro, amma zuciyata tana kan tsaunin Kasubi, inda hubbaren sarakunan masarautar Buganda yake. A rana ta huɗu na tare ɗan acaɓa, wanda su suke kira boda boda, ya bi da ni ta titin Hoima cikin cunkoso da jar ƙura, har ya sauke ni a bakin zaure.

Zauren ma na ciyawa ne, Bujjabukula sunansa. Kana fita daga cikinsa sai ga fili fetal, ƙananan ɗakuna sun yi masa zobe, can a ƙurya kuma ga abin da na zo gani. Muzibu Azaala Mpanga ɗaki ne guda ɗaya, amma faɗinsa ya kai mita 31, jinkarsa ta sauko har tana shafar ƙasa. Ni da na tashi ina ganin ana baibaye ɗaki a ƙauyenmu, ban taɓa zaton ciyawa za ta iya irin wannan kwarjini ba. Na daɗe a tsaye ban ce uffan ba.

Kabaka Muteesa na Ɗaya, sarkin Buganda, shi ya gina wurin a 1882 don ya zama fadarsa. Da ya rasu a 1884 aka binne shi a ciki. Daga baya aka kawo Mwanga na Biyu, da Daudi Chwa na Biyu, da Muteesa na Biyu wanda ya rasu a Landan a 1969 aka dawo da gawarsa a 1971. Sarakuna huɗu ke nan a ƙarƙashin jinka ɗaya, a bayan wani labule na ƙyallen da ake yi da ɓawon itace da ba kowa ke tsallaka shi ba. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

Daren 16 ga Maris, 2010, gobara ta tashi, kafin gari ya waye babban ɗakin ya zama toka. Mai yi mini jagora yana yaro a lokacin. "Ssebo," ya ce da ni, wato ranka ya daɗe, "daga unguwarmu muka hango sama ta yi ja." Ya ce mutane sun kwana suna kuka kamar an yi musu sabon mutuwa. Kaburburan sun tsira, amma kayan sarauta da dama sun tafi. A shekarar UNESCO ta mayar da Kasubi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, kuma ba a cire shi ba sai a 2023, a taron hukumar da aka yi a Riyad.

Na cire takalmi na tsaya a bakin ƙofar ɗakin da aka sake ginawa, na ɗaga kai. Zobba ne na ganyen kwakwa, ɗaya bisa ɗaya har ƙololuwa, guda 52, kowanne na wakiltar dangi ɗaya cikin dangogin Buganda. Ginshiƙan an naɗe su da ɓawon itace mai launin ƙasa, ƙasan an shimfiɗa busasshiyar ciyawa da tabarmi. Ƙamshin wurin irin na rumbu ne bayan kaka. A nan ne cikina ya ɗuri ruwa, domin duk abin da idona ya sauka a kai abincin wuta ne. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Na tambayi jagoran abin da kowane baƙo zai tambaya, me ya hana a rufa kwano a huta. Ya ce in an rufa kwano ai ba Kasubi ba ne kuma. Gaskiyarsa. Baibayar nan aikin dangin Ngeye ne, gado ne daga iyaye, adon ɓawon itacen kuma na dangin Ngo. Abin da ake tsarewa ba ɗakin kaɗai ba ne, har da hannun da ya iya ɗaure shi. Shi ya sa sake gina ɗakin ya ɗauki shekaru fiye da goma, ana bin al'ada daki-daki.

Tunda ba a iya sauya ciyawar, sai aka koma kan ruwa da mutane. Ƙasar Japan, wadda ita ma take da tsofaffin gine-ginen katako da ciyawa, ta ba da tallafi ta hannun UNESCO, aka kafa tsarin kashe gobara a harabar. Ya nuna mini kawunan famfo a gefen fili da tiyo a naɗe. Dalilin a fili yake: jinka mai kauri in ta kama, kafin motar 'yan kwana-kwana ta ratso cunkoson Kampala an gama. Dole ruwan ya kasance a wurin tun kafin a buƙace shi.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne horar da mazauna wurin da aka yi su zama masu kashe wuta na sa kai. Kasubi ba kufai ba ne. A ƙananan ɗakunan nan akwai mata masu gadon matsayin matan sarakunan, suna kula da hubbaren, suna saƙar tabarmi, suna girki. Inda ake girki akwai garwashi. Ko a watan Yunin 2020 sai da wuta ta sake cin wani ƙaramin ɗaki a harabar, alhali ana tsaka da aikin gyara. Wanda yake kwana a wurin shi zai fara jin ƙaurin hayaƙi, don haka shi ya fi cancanta ya san yadda ake buɗe famfo cikin duhu. Na tuna lokacin hunturu a wajenmu, yadda kasko ɗaya da aka manta yake tashin unguwa tsaye, ana guje-guje da bokiti babu ruwan zubawa.

Kafin in tafi na gaida wata dattijuwa da ke zaune a ƙofar ɗakinta tana saƙa. Jagoran ya koya mini in ce mata "Nnyabo", wato ranki ya daɗe. Ta amsa da fara'a, ta nuna mini murhunta, can nesa da jinka, a fili. Hadari ya haɗo a lokacin, irin ruwan Kampala da ba ya sallama. Na fake a zauren ina kallon yadda ruwa ke gangarowa daga saman babban ɗakin, yana bin ciyawar har ƙasa, ko ɗigo bai shiga ciki ba. Da ya tsagaita na fito titi na nemi acaɓa.