Hannun tsohuwar ɗaki na bakwai

Ranar da na sauka Bradford, cikin watan Nuwamban 2022, ƙarfe huɗu da rabi na yamma ba ta yi ba amma duhu ya rufe gari. Na tsaya a bakin tasha da akwati biyu, in dubi agogo in dubi sama. A watan Fabrairun shekarar ne gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofa ga masu aikin kula da tsofaffi, muka yi ta shigowa, 'yan Najeriya da 'yan Zimbabuwe da 'yan Indiya. Ni daga Kaduna na taso. Na bar 'yata mai shekara shida a hannun Mama a Tudun Wada, na bar wa Yayana bashin kuɗin jirgi da na biza.

Gidan tsofaffin da ya ɗauke ni yana kan tudu, iska na kaɗa mutum tun daga inda bas ke ajiye shi. Ana shiga aiki takwas na safe a tashi takwas na dare. A tashe su, a yi musu wanka, a sa musu kaya, a ba wasu abinci a baki, a riƙa juya waɗanda ba sa iya motsi don kada gyambon kwanciya ya kama su, sannan a rubuta komai. Wannan bai dame ni ba, domin shekara uku na yi ina jinyar kakata. Abin da ya hana ni barci manajarmu ce.

Mace ce mai saurin tafiya, tun daga nesa ake gane takunta. Ba ta kiran mutum ofis in za ta yi masa faɗa. A tsakiyar falo take yi, gaban tsofaffi da 'yan'uwansu da suka zo ziyara. A satina na biyu na rubuta ruwan da wani dattijo ya sha a layin da ba nasa ba. Ta ɗago takardar sama kamar mai tallan ta, ta ce, "A ƙasarku ba a koya muku karatu ne?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina da digiri daga Zariya, na koyar da 'yan sakandare shekara biyar, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Na ce ta yi haƙuri, na wuce.

Ku san dalilin shirun nan, don ba rashin baki ba ne. Bizarmu a ɗaure take da wanda ya ɗauke mu aiki. Shi ke ba da takardar ɗaukar nauyi, wadda ake ce wa CoS, kuma in ya sallame ki, galibi kwana 60 ake ba ki ki sami wani mai ɗaukar nauyin ko ki bar ƙasar. Manaja ta san haka sarai. Ba ta taɓa cewa za ta kore ni ba. Sai dai ta tsaya kusa da ni ta ce a hankali, "Kin san mutum nawa ke jiran gurbinki?" Wuƙa da nama na hannunta. Cikin abokan aikina har da waɗanda suka sayar da fili suka ba dillalai dubban fam kafin su samu takardar, alhali doka ta hana sayar da ita. Wa zai ɗaga kai a cikinsu?

Sai maganar salla. A watan Disamba, Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu suke faɗowa, tsakanin sha biyun rana da ƙarfe huɗu. Ina yi a ɗakin wanki, tsakanin injin busar da kaya da kwandon zannuwan gado, a cikin lokacin hutuna. Ta ce ina ɓacewa. Daga nan jadawali ya fara canzawa: in tashi aikin dare takwas na safe, a ce in dawo biyun rana. Na rame. In na ji takunta gabana faɗuwa yake. Da na faɗa wa Mama sai ta ce, "Ki yi haƙuri, zaman ƙasar wani sai da haƙuri." Na yi. Amma kullum a bas ɗin komawa gida hawaye nake sharewa da bakin hijabi.

A cikin wannan hali aka ba ni ɗaki na bakwai, wanda kowa ke gudu. Tsohuwa ce da ta haura tamanin da biyar, rikicin tsufa ya cinye mata kusan komai, har 'yarta ba kullum take ganewa ba. Wanka shi ne yaƙi: ta yi yaƙushi, ta yi ihu. A nan sunan yanka ake kiran tsoho, ni kuwa harshena ya kasa, sai na riƙa ce mata Kaka. Ba ta san ma'anarsa ba, amma tana juyowa.

Wata safiya na durƙusa ina sa mata safa, sai na ji hannu a kafaɗata. Ta kamo gefen hijabina, ta shimfiɗa shi a cinyarta, ta fara bin sa da kan yatsu, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, idonta a rufe. Can ta tsaya cak. Ta ɗago yadin ta nuna min wani ɗan zare da ya zame, wanda ni mai hijabin ban taɓa lura da shi ba. Fuskarta ta washe. Ban taɓa ganin ta haka ba.

Da 'yarta ta zo ranar Lahadi na ba ta labari. Ta ce ai mahaifiyarta tun tana shekara sha biyar ta shiga masaƙar ulu, kuma aikinta gyaran yadi. In yadi ya sauko daga injin saƙa, sai a janyo shi kan wani teburi mai gangara kusa da taga, mata su bi shi da yatsu suna neman ƙulli da zaren da ya tsinke, su cire ƙullin, su mayar da zaren da allura yadda ba mai gane an taɓa wurin. Aiki ne da ake shekaru ana koyo. Bradford da ulu ta yi suna a duniya, har yau dogon bututun hayaƙin masaƙar Lister yana tsaye a unguwar Manningham, ana hango shi daga ko'ina, ko da yake injinan sun daɗe da yin shiru.

Jikina ya yi sanyi. Babana ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Na tashi ina jin jiniyar canjin aiki, ina ganin sa yana dawowa a keke da burbushin auduga a gashinsa. Na ga kuma yadda ya koma bayan an rufe masaƙun Kaduna, yana zaune ƙofar gida hannuwansa a kan gwiwa ba abin yi. Ashe abin da ya sami garinmu ya riga ya sami nasu.

Washegari na zo da wani tsohon zanen Mama da na taho da shi don ƙanshin gida. Na miƙa wa Kaka kafin wanka. Tana bin zanen da yatsu, ni ina goge mata jiki da tawul mai ɗumi. Ba ihu, ba yaƙushi. Daga baya na sayo mata allurar roba marar tsini da ƙullin zaren ulu. Takan yi awa guda tana aiki, in ta gama ta miƙo min in duba, ni kuma in duba da gaske, don ba ta yarda da duban wasa. Na rubuta wannan a takardar kula da ita, masu aikin dare ma suka fara yi. Daga nan na shiga tambayar iyalan sauran tsofaffin: me ya yi da hannunsa yana saurayi? Wani direban bas ne, wata mai dafa abincin 'yan makaranta ce, in aka ba ta cokula ta jera sai ta natsu. A ganina rabin abin da ake kira rigimar tsofaffi hannu ne da ya saba aiki aka bar shi haka nan.

Wani abu ya canza a raina. Da ina zuwa ne don albashi da biza. Yanzu ina farkawa ina tunanin ɗaki na bakwai. Da na san na iya abin da nake yi, tsawar manaja ta daina shiga jikina kamar da, sai ta koma tana ba ni haushi, haushin kuwa ya ba ni ƙarfin hali.

Wata abokiyar aikina 'yar Zimbabuwe, wadda ta girme ni, ita ta nuna min hanya. Ta ce, "Ƙanwata, a ƙasar nan abin da ba a rubuta ba bai faru ba." Na sayi ƙaramin littafi. Duk abin da ya faru in rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin. Na ɗauki hoton kowane jadawali. Na shiga ƙungiyar ƙwadago ta UNISON, na kuma kira ACAS, hukumar da ke ba ma'aikata shawara kyauta. A nan na ji cewa doka ta ba ma'aikaci hutun awa 11 tsakanin tashi aiki da komawa, da hutun minti 20 in aiki ya wuce awa shida, kuma in ya kai ƙara a rubuce yana da 'yancin shiga zaman da wakilin ƙungiya. Wata huɗu ina tara littafin nan kafin na kai ƙara ga shugabannin kamfanin.

Ranar zaman hannuna na rawa. Wakiliyar ƙungiya na gefena. Ban yi kuka ba, ban ɗaga murya ba, na buɗe littafi na yi ta karantowa. Da na zo kan maganar "a ƙasarku", ɗakin ya yi tsit. Ba a kori manaja ba, har yau tana nan, kuma ba ta amsa gaisuwata da daɗi. Amma an gyara jadawali, an ware ɗan ƙaramin ɗaki na salla, kuma tun daga ranar ba ta sake yi wa kowa tsawa a falo ba. Mutum biyu sun zo daga baya suna tambayata irin littafin da na saya.

Na fara karatun difiloma kan kula da manya, ina son in ƙware kan masu rikicin tsufa. Mutanen gida na yawan kirana kan yadda za su zo, ina faɗa musu gaskiya cewa tun watan Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu wannan aiki daga waje, duk wanda ya ce zai sayar musu da takarda su kiyaye shi.

Kaka ta rasu da asuba cikin sanyin Fabrairu. Ni ke aiki daren. Na buɗe taga kamar yadda suke yi a nan in rai ya fita, na gyara mata gashi, na ajiye zanen Mama a ƙarƙashin hannunta har 'yarta ta iso. Bayan sati biyu 'yar ta dawo kwashe kaya, ta neme ni, ta damƙa min wani ɗan gwangwani. A ciki akwai allurai da wani ɗan ƙarfe mai kama da hantsaki, wanda ake ciro ƙulli da shi, bakinsa ya siɗe saboda aiki.

Da dare na kira gida ta bidiyo, na ce a ba Baba. Na ɗaga ƙarfen gaban waya ban ce komai ba. Ya matso da fuskarsa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ina kika samo wannan?" ya ce. "Ai irinsa muke da shi a ɗakin duba yadi. Juya shi in ga bakin."