Wasiƙa daga Jidda: kafin ka sayi ragar ƙarfe, ɗora ta a sikeli

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaishe ku daga Jidda, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da tsadar kayan gini.

Abin da ya sa na rubuto shi ne tambayar da masu gini da masu kiwon kaji ke yawan turo mini: "Malam, tunda a kamfanin raga kake aiki, wacce za mu saya?" Amsa wa mutum ɗaya-ɗaya ya gajiyar da ni, sai na ce bari in baje ta a faifai kowa ya ɗiba. Ina aiki ne a wata masana'anta a kudancin birnin nan, inda muke yin ragar ƙarfe ta walda, wadda ake sawa cikin kankare, magina a gida suka fi saninta da BRC, da kuma irin wadda ake shinge da ita.

Wayar a naɗe take iso mana, dami guda yakan kai tan biyu. Cikin masu yin ta a ƙasar nan akwai kamfanin Hadeed da ke Jubail, can gabashi. Da farko inji ne zai ja ta ta cikin rami mai tauri wanda ya fi ta ƙanƙanta, ba tare da an gasa ta ba, sai ta sirance, ta ƙara tsawo, ta ƙara ƙarfi. In ta kankare ce, a yi mata zane a jiki don siminti ya sami abin kamawa. Daga nan a miƙar da ita a yayyanka.

Wurin waldar shi ne abin kallo. Ba mai riƙe da sandar walda, ba tartsatsin da kuka saba gani a bakin titi. Dogayen wayoyi na tafiya a jere, gajeriya ta faɗo a gicciye, sai haƙoran jan ƙarfe su matse kowace mahaɗa sama da ƙasa, wutar lantarki ta ratsa cikin ƙiftawar ido, ƙarfen biyu su narke su zama ɗaya. Injin ya matsa gaba, wata ta faɗo. Kas, kas, kas, haka har a tashi aiki. Gwanintar mai kula da injin tana wurin saita wutar: in ta yi kaɗan, mahaɗar za ta ɓalle tun a wurin lodi, in ta yi yawa, ta cinye wayar ta bar ta da rauni. Akwai wani dattijo ɗan Sudan a layin injinmu, da kunne yake gane haƙori ɗaya ya ƙi kamawa, tun kafin masu gwaji su yanki samfur su kai ɗakin awo.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Ragar kankare tana da lamba, kuma lambar ba ado ba ce. A ma'aunin Ingila da muke bi a Najeriya, A142 na nufin waya mai kaurin milimita 6, tazarar ido milimita 200. A193 milimita 7 ce, A252 milimita 8, A393 kuma 10. Cikakken falle yana da tsawon mita 4.8 da faɗin mita 2.4. Fallen A142 na gaskiya nauyinsa ya ɗan haura kilo 25, na A393 kuwa ya kai kilo 70. Ido ba ya bambance milimita 6 da 5, balle in an ɗan buɗa tazarar ido, amma sikeli ba ya jin kunyar kowa. In ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko duk inda kake sayen rodi, ka tafi da tef, ka ce a auna maka falle ɗaya. Mai kaya na ƙwarai ba zai ɓata rai ba.

Sai maganar tsatsa. Jidda a bakin Bahar Maliya take, iskarta ga laima ga gishiri, baƙin ƙarfe ba ya daɗewa a waje. Saboda haka ragar shinge sai an tsoma ta cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. Sai dai iri biyu ce. Akwai wadda aka yi wa wayar tutiya tun kafin walda, ita ce mai araha, amma zafin walda ya ƙone tutiyar a kowace mahaɗa, kuma daga nan tsatsa ke fara ci. Akwai wadda aka gama walda sannan aka tsoma fallen gaba ɗaya. Duba mahaɗar: in ka ga ɗan baƙin tabo, ta farko ce. Mai kejin kaji ya fi kowa buƙatar ta biyu, domin kashin kaji da ruwan sha ba sa raga wa ƙarfe. Kore ko shuɗin fentin da ake gasawa a kai yana taimakawa, in dai akwai tutiya a ƙarƙashinsa. Masu walda kuma, don Allah ku bar shaƙar farin hayaƙin nan na ƙarfe mai tutiya a cikin rufaffen shago. Zazzaɓi yake sawa, madarar da ake sha bayan aiki ba ta hana komai.

Ragar shinge tana da nata iri-iri: mai lanƙwasa a ciki don ta tsaya ƙyam, da mai matsattsen ido da ake kira 358, wadda yatsa ba ya shiga balle a hau, ita ake kewaye tashoshin wuta da gidajen yari da ita.

Abin da ya fi ba ni takaici ba a kasuwa yake ba, a wurin gini yake. Mutum ya sayi raga mai kyau, leburori su shimfiɗa ta a kan ƙasa, su taka, su kwara kankare. Ragar da ke kwance a ƙasa ba ta riƙe komai, kuɗi ne aka binne. Dole a ɗaga ta da biskit na siminti, wato 'yan ƙananan guntayen siminti da ake sawa a ƙarƙashinta, kankare ya lulluɓe ta ta kowane gefe, inda falle biyu suka haɗu kuma a ɗora ɗaya kan ɗaya aƙalla ido guda a ɗaure da waya. Aikinta a daɓe shi ne hana tsaga buɗewa. Kada birkila ya ce maka za ta maye gurbin rodi a dakin, wato rufin kankare na bene. Wannan lissafin injiniya ne, shi zai faɗi lambar da za a sa.

Nakan tuna masana'antun mulmula ƙarfe da aka gina a Katsina da Jos da Oshogbo a farkon shekarun 1980, don su riƙa fitar da rodi da irin wannan waya. Injin waldar raga ba wani abin tsoro ba ne, yaranmu da suka gama kwalejin fasaha za su iya da shi. Abin da yake nema shi ne waya mai kauri ɗaya daga farkon dami zuwa ƙarshensa, da wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar falle.

Wanda zai yi gini bayan damina, ya nemi injiniyansa ya rubuta masa lambar ragar a takarda kafin ya shiga kasuwa. A gaida mutanen gida.

Naku,
wani ɗan'uwa a Jidda