Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Baiti na Uku

A makon jiya na tsaya a daidai inda aka damƙa mini shirin waƙoƙi na yammacin Asabar a gidan rediyon da na yi wa aiki shekaru masu yawa, na kuma yi alkawarin bayyana yadda kujerar da mawaƙa ke yi wa layi ta wayi gari babu mai nemanta. Kafin in kai ga haka, ya kamata mai karatu, musamman wanda ya buɗe ido ya tarar da waya a hannun kowa, ya san irin ikon da mai gabatar da shiri yake da shi a wancan zamani. Mawaƙi yakan yi watanni yana tara abin da zai shiga situdiyo da shi, ya naɗi kaset ko faifai guda, sa'an nan ya ɗauko shi ya kawo mana da hannu biyu, domin ya san idan ba mu sa ba, waƙar ba za ta wuce ɗakinsa da kunnuwan abokansa ba. Akwai wani akwati a gefen teburina da ake zuba su a ciki, kuma shirin awa ɗaya ba ya cin fiye da waƙoƙi goma sha biyu. Duk abin da ya kwana a akwatin nan ni na yanke masa hukunci, ko na saurara ko ban saurara ba.

Haka tsarin yake a duk duniya a wancan zamani. Kamfanonin faifai, da gidajen rediyo, da tashoshin talabijin irin su MTV da aka buɗe a Amurka a 1981, su ne ke riƙe da makullin, kuma mutane ƙalilan ne ke zaɓa wa miliyoyi abin da za su ji. Shi ya sa tauraron wancan lokaci ya kasance na kowa. Wanda bai taɓa sayen faifan Michael Jackson ba ma ya san muryarsa da rawarsa, saboda ƙofar ɗaya ce, kuma duk wanda aka buɗe wa ita, duniya gaba ɗaya ce take ganin shigowarsa.

Wajen ƙarshen shekarun 2000 wani matashi ya riƙa yi mini sintiri da faifansa. Sau uku yana zuwa, kuma a zuwa na uku ne na ce ya zauna, na saka faifan a gabansa. Tun daga sharar fage na ji cewa ba a situdiyo aka naɗe shi ba, domin akwai wani amo a ƙarƙashin kiɗan, muryar kuma tana nesa kamar daga cikin rijiya. Ya gaya mini cewa a ɗakinsa ya yi aikin, da kwamfutar aro da makirfo guda. Ban kai rabin minti ina sauraro ba na kashe, na ce masa, "Ɗana, je ka nemi situdiyo na ƙwarai ka sake naɗa, wannan ba zai fita a iska ba." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, don Allah ka saurare ta zuwa ƙarshe, a baiti na uku maganar take." Na ce masa zan saurara, na jefa faifan cikin akwati, kuma ban saurara ba.

A lokacin ban san cewa ƙasa ta daɗe da fara zamewa a ƙarƙashin kujerata ba. Fasahar MP3, wadda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta taka babbar rawa wajen samar da ita, ta matse waƙa ta zama ƙaramin fayil da ake iya turawa daga na'ura zuwa na'ura. A 1999 wani ɗalibi a Amurka, Shawn Fanning, ya fito da Napster, inda mutane suka shiga musayar waƙoƙi kyauta, kuma duk da cewa shari'a ta durƙusar da shi a 2001, jama'a sun riga sun ɗanɗana, ba su koma jiran kowa ba. A 2003 kamfanin Apple ya fara sayar da waƙoƙi ɗaya-ɗaya ta iTunes, wanda hakan ya raba waƙa da kundin da take ciki, sai kuma YouTube ya zo a 2005 ya ba kowa damar ɗora abin da ya ga dama ba tare da ya nemi izinin irina ba. Ta nan ne aka gano Justin Bieber a 2008, yana yaro a Kanada mai ɗora bidiyon kansa yana rera waƙoƙin wasu. Muna jin waɗannan labarai a ɗakin watsa shirye-shirye, amma muna ɗaukar su abin da ya shafi wasu mutane a wani wuri mai nisa.

Abin ya iso teburina ta bakin masu sauraro. Bayan wasu shekaru sai masu bugo waya suka fara neman wata waƙa da ban taɓa sakawa ba, ban ma san da ita ba. Mutum na farko na ba shi haƙuri, na biyu ma haka, amma da aka kai na bakwai a yamma guda sai jikina ya ba ni cewa akwai wani abu. A tsawon aikina ni ne nake sanar da mutane waƙa, sa'an nan su nema, ranar nan kuwa su suka riga ni sani. Wata ƙaramar abokiyar aikina ta buɗe kwamfuta ta ce, "Yallaɓai, ai ga ta nan, kowa ita yake ji." Ina kallon fuskar na gane shi. Yaron nan ne mai faifan akwati, kuma lambar da ke ƙarƙashin bidiyon ta ninka yawan mutanen da nake zaton suna kama shirina sau da dama. A daren nan na daɗe a zaune bayan an rufe shirin, kunya ta lulluɓe ni, amma a cikin kunyar akwai farin ciki na gaske, domin na ga cewa kuskurena bai isa ya binne shi ba, alhali da a ce shekaru goma baya ne, da ya binne shi.

Wannan shi ne alherin da ba zan taɓa musanta wa intanet ba. A Disambar 2012 bidiyon mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy, ya zama na farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube, kuma akasarin masu kallon ba sa jin ko kalma ɗaya ta harshen Koriya. Babu wani mai gabatar da shiri irina da zai yi kasadar sa irin wannan waƙa. Watanni kaɗan bayan haka, a farkon 2013, mujallar Billboard ta fara lissafa kallon YouTube cikin jadawalinta na waƙoƙin da suka fi tashe, wato tsofaffin masu makullin da kansu sun amince cewa hukunci ya koma hannun jama'a. A 2019 Lil Nas X, matashin da bai da kamfani a bayansa lokacin da waƙarsa ta fara yawo a TikTok, ya riƙe matsayi na ɗaya a wannan jadawali har makonni 19.

Sai dai akwai ɗaya gefen, wanda shi ma daga bakin yaron nan na ji shi. Bayan ya yi suna na aika masa da goron gayyata zuwa shirina, ina tsoron kada ya ƙi, amma ya zo, ya gaishe ni da ladabin da ya saba, bai ko tayar da tsohon zance ba. Ni na tayar, na nemi afuwarsa, ya ce ya wuce. Da muka kashe makirfo sai ya fara ba ni labarin rayuwarsa. Ya ce kowace safiya kafin ya wanke fuska yakan duba alƙaluma, ya ga mutum nawa suka saurara jiya, da daƙiƙar da suka tsallake zuwa wata waƙar. Idan ya yi mako biyu bai ɗora wani abu ba sai lambar ta fara zubewa, don haka shi ne mawaƙin, shi ne mai ɗaukar hoto, shi ne mai talla, shi ne kuma mai amsa zagin wanda bai taɓa gani ba. Ga shi yana da masoya dubbai da suka haddace waƙoƙinsa, amma maƙwabcinsa na iya rayuwa bai taɓa jin sunansa ba, saboda kowace waya abin da take nuna wa mai ita daban ne.

Na lura kuma da cewa sababbin waƙoƙinsa sun gajarce, ba sa kai minti uku, kuma amshi ne ke fara tarbar mai sauraro tun kafin kiɗa ya zauna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga masu wannan sana'a, shi ma ya bayyana mini shi. A manhajojin sauraro irin su Spotify, wadda aka ƙaddamar a Suwidin a 2008, sai an saurari waƙa na daƙiƙa 30 ake lissafa ta, kuma a dandalin gajeren bidiyo ɗan yanki kaɗan ne na waƙar ke yawo. Mawaƙin da ya ɓata lokaci a sharar fage ya yi asarar mai sauraro, domin yatsan mutum ya fi kunnensa sauri. Da ya faɗi adadin daƙiƙun sai na tuna cewa ni ma abin da na ba shi ke nan a ranar da ya zauna a gabana, rabin minti, watakila ma bai cika ba.

Na tambaye shi, "Ɗana, ina baiti na uku ya tafi a waƙoƙinka na yanzu?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Baba, na daina rubuta shi, babu mai kaiwa wurin."

Bayan tafiyarsa na jawo akwatin nan na zazzage shi a ƙasa, na yi ta tono har na samo faifan, da sunansa da ya rubuta da alƙalami a jiki. Na rufe ƙofa na saka shi. Amon yana nan, muryar tana nan nesa yadda na bar ta, amma a wannan karo ban taɓa maɓallin ba har ya ƙare. A baiti na uku ne kiɗan ya lafa, ya ambaci mahaifinsa da ya rasu bai ji shi yana waƙa ba. A Asabar ɗin da ta biyo baya na sa ta a shirin daga farko har ƙarshe, minti shida da ɗoriya, kuma abin da ya biyo bayan hakan tsakanina da shugabannina shi ne zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.