Fijon Baba, daga garejin makanike har zuwa wajen 'yan kilo

Motar da na fi daɗewa da ita Peugeot 504 ce, Fijo dai kamar yadda muke cewa, ƙirar Kaduna, irin waɗanda kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, suka riƙa harhaɗawa a Kakuri tun 1975. Baba Allah ya jiƙansa ne ya saye ta na hannu a 1991, da ya rasu aka raba gado a 2011 ta faɗo a kasona, na cigaba da hawanta kullum daga Tudun Wadan Zariya in bi ta Kwangila in wuce Samaru wajen aiki.

Maganar gaskiya motar nan bata taɓa kwana dani a hanya ba sai sau ɗaya, shima laifina ne. Babu ƙwaƙwalwa a jikinta, babu wata na'ura da za'a jona ace sai ta faɗi ciwon, kafireta ce da filogi huɗu da kwantak, in ta ƙi tashi da safe to ɗaya daga cikin ukun nan ne ko batir, kuma yaron makanike ma da sifana biyu zai tayar maka da ita. Ga laushi a rami, ka shiga hanyar ƙauye da damina kaga kamar dan ita aka yi hanyar.

Ranar da ta tsaya min muna hanyar Kano ne, mun wuce Tashar Yari kenan. Agogon zafinta ya fi wata shida da mutuwa ina ta cewa gobe zan gyara, kuma ruwan rijiya nake ɗura mata a lagireto wanda a hankali yake tara tsatsa da datti ya toshe hanyoyin ruwan. Tiyo ya fashe ban sani ba, sai da naji wani wari kamar ana ƙona roba sannan na tsaya, na buɗe bonet tururi ya bugo ni a fuska, cikin ruɗewa na ɗauko jarka na kwarara mata ruwan sanyi tana tsakar zafi. Nan na gama da ita. Kan injin 504 na alminiyam ne, gangar jikin kuma ƙarfe, ruwan sanyi na taɓa shi da wannan zafin ya karkace, gasket ya ƙone. Da aka jawo ta Sabon Gari makanikenmu, dattijon da tun zamanin Baba yake duba ta, ya zaro sandar baƙin mai ya nuna min, ya koma kalar shayi da madara saboda ruwa ya gauraya dashi. Yace, Malam, da ka zauna gindin bishiya rabin awa ta huce da kuɗin tiyo kawai zaka biya.

Amma ko a nan na ga alherin tsohon inji, an kai kan an feƙe shi ya miƙe, silif ɗin da fistin ke kai-komo a ciki kuma zare su ake yi a saka wasu da fistin da ringi, ba sai ka sayi inji sukutum ba. Kayan kam sai da muka je Panteka a Kaduna, dan tun da aka daina haɗa motar a 2006 sabon kaya mai kyau ya fara wuya, na hannu ne suka fi yawa sai ka iya zaɓe. Bayan wannan gyaran ta ƙara min shekara takwas lafiya lau.

Abinda ban kula dashi ba shi ya cinye ta. Robar gilashin gaba ta bushe ta tsattsage, duk ruwan Agusta yana zirarowa ya kwanta ƙarƙashin kafet, ni kuma hankalina na kan inji ina canja baƙin mai a kan lokaci ina ganin na gama. Wata rana ƙanina ya ɗaga kafet ɗin yana shara yace Yaya zo ka gani, wallahi ƙasa muke hangowa ta ƙarƙashin kujerar direba, ƙarfen ya zama kamar ɓawon ƙosai kana taɓawa yana zuba. Fanal bita ya yi faci sau biyu, na uku yace min shi bazai ci kuɗina a banza ba, tsatsar ta kai inda shoka ke ɗaure, babu lafiyayyen ƙarfen da walda zata kama. Inji da giya ana musanya su ko sau nawa ne, amma bodi in ya ruɓe a wajen nan babu dabara.

Sai ga cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, na ajiye ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida ina cewa sai abubuwa sun daidaita. Wannan ajiyewar ta min asara sosai, tayoyi suka mutu, batir ya mutu, ɓeraye suka shiga suka ci wayoyi, wanda ya taya ta tana tashi da ya dawo bayan shekara ko rabin kuɗin bai ambata ba.

Da 'yan gwangwan suka zo kuwa su ba mota suke gani ba, nauyi suke gani, ƙarfe sama da tan ɗaya a farashin kilo. Na kusa sallamawa makaniken yace in dakata. Shi ya fahimtar dani cewa ba kuɗinsu ɗaya ba, lagireto irin na da akwai tagulla a ciki, batir ko matacce ne dalmar cikinsa kuɗi ce, alminiyam farashinsa daban, inji da giya da aksil da fitilun gaba kuma masu Fijo da suka rage suna nemansu ido rufe. Muka ɗauki sati uku muna kwancewa muna sayarwa ɗaya bayan ɗaya, abinda na samu ya kusa ninka tayin farko, ƙwarangwal ɗin kaɗai aka ɗora a sikeli. Na cire lamba, muka rubuta takardar ciniki da lambar shasi da shaidu biyu, dan kada gobe wani abu ya taso da sunan Baba a takardun.

Hajiya abu ɗaya ta roƙa, kada a yanka ta da gas a ƙofar gidan nan tana ji. Sai na ƙara kuɗin janwe daga aljihuna, bayan sallar asuba suka zo suka ɗauke ta suka kai can filinsu suka yanka.