Yadda na raya gari a wasan Banished bayan uku sun mutu a hannuna

Akwai wani jinsin wasannin kwamfuta da ake ɗora ka a sama kana kallon ƙauye, mutane ƙanana kamar tururuwa suna kai da komo, kai kuma kana juya al'amuransu. Populous na 1989 ne ya yi fice da wannan salon, Black & White ya biyo baya a 2001, dukansu da hannun Peter Molyneux na Ingila. A cikin biyun nan ana ɗaukar mai wasa a matsayin abin bautar ƙauyawan, ƙarfinsa yana ƙaruwa gwargwadon yawan masu binsa. Wannan ɓangaren bai kwanta mini a rai ba ko da sunan wasa ne, shi ya sa na koma Banished, wanda Luke Hodorowicz ya ƙirƙira shi kaɗai ya fitar a watan Fabrairun 2014. Kallon daga sama iri ɗaya ne, amma ba mai bauta maka kuma ba ka da wata mu'ujiza. Matsayinka bai wuce na mai gari ba: ka ce a gina nan, a nome can, mutum nawa za su kama wace sana'a. Babu yaƙi, babu abokan gaba, babu kuɗi. Yunwa da sanyi da tsufa su ne manyan abubuwan da ke jiran jama'arka.

A wata tsohuwar laftof nake yin sa a nan Katsina, ba ya neman na'ura mai ƙarfi, kuma da zarar ka sauke shi ba ruwansa da intanet. Ka dai kunna ajiyar da yake yi da kansa kafin ka fara, saboda ɗaukewar wuta.

Matakin wahalar wasan uku ne. Mai sauƙi yana ba ka iyali shida da gidaje a gine. Matsakaici iyali biyar da rumbu da ɗan iri. Mai wuya iyali huɗu da amalanken kaya, ba iri ba dabba. Da matsakaici nake ba da shawarar a fara, domin mai sauƙi yana ɓoye wa mutum darasin shekarar farko, wanda shi ne tushen komai.

Garina na farko hunturu ne ya ci shi. Hunturunsu ba irin namu ba ne na Disamba da Janairu da ke tsaga leɓe da dunduniya ya wuce. Ƙanƙara ce ke rufe ƙasa, gidan da ba itacen wuta a cikinsa mutanensa mutuwa suke yi. Ni kuwa na kwashe hannun kowa na zuba a gona da ginin gidaje, ban gina wurin faskare ba sai da kaka ta raba. Gungume 24 da dutse 8 kawai yake ci, mutum ɗaya ke aiki a ciki, amma in ka makara ba ya iya cike gibin, tunda gungume ɗaya faskare 3 yake bayarwa a hannun wanda bai yi makaranta ba, 4 a hannun wanda ya yi.

Tsarin da na zauna a kansa daga baya shi ne wannan. Kafin komai ina tsayar da lokaci in zagaya taswira, in nemi daji mai kauri da bai yi nisa da rumbu ba. A tsakiyarsa nake kafa bukkar masu tsintar abincin daji, gungume 30 da dutse 12, ma'aikata huɗu. Albasa da saiwa da 'ya'yan itace da naman kaza suke kawowa, kuma a daji mai kyau nakan ga sun tara kusan 2000 a shekara. Ba wata sana'ar da ke ciyar da ƙaramin gari da wuri kamar ita, ga shi ba ta jiran damina. Kusa da ita ɗakin maharba, gungume 34 da dutse 12, don nama da fatar da tela zai ɗinka rigunan sanyi. Sai gidan masu kula da daji, gungume 32 da dutse 12, masu dasa itace suna sare wanda ya girma. Ukun nan suna iya zama wuri ɗaya su raba da'ira ɗaya, wato filin da ma'aikatan gini ke aiki a cikinsa, ba tare da sun cuci juna ba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka kafa bukkar tsinta biyu da'irarsu ta hau kan juna, don abinci ɗaya za su riƙa rabawa. Kuma kada ka aika leburori su share itatuwan cikin da'irar don kana gaggawar gungume. Na yi haka sau ɗaya, abincin dajin ya faɗi warwas, ya ɗauki shekaru kafin ya dawo. Ka saro naka daga wani gefen.

Bayan waɗannan sai wurin faskare, sannan gidaje, kowane na katako gungume 16 da dutse 8. In akwai kogi kusa, mashigar masunta tana taimakawa, amma ka duba yawan ruwan da ya shiga cikin da'irarta. Gwiwar kogi ko bakin tafki sun fi miƙaƙƙen rafi nesa ba kusa ba, kamar yadda mai kamun kifi a madatsar ruwa ta Ajiwa ko ta Zobe zai gaya maka ba ko'ina ake jefa koma ba.

Lissafin da ya kamata ya zauna maka a ka guda ɗaya ne: kowane mutum, yaro ko babba, yana cin abinci kusan 100 a shekara. Mutum 30, abinci 3000. Gona kuwa kowane murabba'i yana ba da 7 in manomin ya yi makaranta, 5 in bai yi ba. Gona mai 11 sau 11 ke nan tana ba da tsakanin 605 da 847 in an girbe ta duka, wato cin mutum shida zuwa takwas. In an girbe ta duka, na ce, domin a nan ake faɗuwa. Wasan yana barin ka ja gona har 15 sau 15, ido yana son babba, amma in sanyi ya sauko da wuri duk abin da ba a kwashe ba ya tafi. Na fi son ƙananan gonaki da manoma biyu-biyu, rumbu a bakin gonar, gidajen manoman a gefe. Rabin lokacin manomi a tafiya yake ƙarewa in rumbu ya yi nisa: ya ciko hannu, ya tafi ya ajiye, ya biya gida ya ci abinci, kafin ya dawo wata ya shuɗe. Wake yana nuna da wuri, shi nake fara shukawa in na same shi. In na ga sanyi ya matso amfani bai gama nuna ba, ina danna umarnin girbi da hannuna, gara kashi bakwai cikin goma a rumbu da goma a ƙarƙashin ƙanƙara.

Gari na biyu ya tsallake hunturu da yawa, sai kayan aiki suka kashe shi, kuma wannan mutuwar ta fi ta farko ciwo don ba ta da amo. Kayan aikin da aka ba ka da farko suna cinyewa a hankali. Ranar da suka ƙare kowa yana ci gaba da aiki, amma da jan jiki. Mai sara ya rage kawo gungume, mai tsinta ya rage kawo abinci, mai haƙar ƙarfe ya rage, shi kansa maƙerin da zai fitar da ku yana aiki a hankali don ba shi da abin aiki. Kowace matsala tana ciyar da 'yar'uwarta. Maƙera tana cin ƙarfe 32 wajen gini ban da gungume da dutse, don haka tun shekara ta biyu nake sa leburori su tsinto ƙarfen da ke warwatse a bisa ƙasa, in gina ta tun kayan aiki na farko ba su kai rabi ba. Gungume ɗaya da ƙarfe ɗaya ke ba da kayan aiki. In ka samu gawayin ƙasa ka haɗa, ana ƙera mai ƙarko wanda ke ninka na farko daɗewa.

Wanda ya fi koya mini shi ne na uku. A wasan nan gida shi ne haihuwa. Saurayi da budurwa ba sa aure sai sun samu gidan da ba kowa a ciki sun tare, in ba haka ba suna nan a gidan iyaye har su tsufa. Mace kuma tana daina haihuwa wajen shekara 40, ga shi mutanen suna tsufa da sauri, kusan shekara huɗu zuwa biyar a kowace shekarar wasa. Ni da na sha wuyar yunwa sai na ji tsoron ƙara baki, na daina gina gidaje na tsawon shekaru. Rumbuna suka cika, komai ya yi lafiya a ido. Abin da ban duba ba shi ne yawan yara, wanda ya sauko har ya kusa ƙarewa. Da tsofaffin suka fara mutuwa, tare suka tafi, tunda tare suka girma. Na ruga na gina gidaje goma a lokaci ɗaya, amma matan da suka tare cikinsu yawanci sun wuce haihuwa. Garin da ya haura mutum 80 ya koma ba mai ɗaukar gatari.

Kishiyar wannan ma kisa take yi. In ka gina gidaje da yawa a shekara ɗaya tun matasa na nan, yara za su cika gari lokaci ɗaya, kowane yana cin 100 ɗinsa, ba wanda zai ɗaga tsinke sai ya kai shekara 10. Ƙari a kan haka kowane sabon gida yana zuwa rumbu ya kwashi abinci da itace ya ɓoye a ɗakinsa, sai ka ga rumbu ya faɗi alhali ba a ci ba, wasu gidajen a ƙoshe wasu suna mutuwa. Yanzu gida ɗaya ko biyu nake ginawa a shekara, ba fashi, ko da ina ganin ba a buƙata. Kafin kowane gida ina duba abu biyu: abincin da ke rumbu a ƙarshen hunturu, ba a kaka ba lokacin da kowa ke jin shi mai arziki ne, da kuma yawan yara da ɗalibai a kan manya. In ragowar ƙarshen hunturu ba ta kai cin rabin shekara ba, gona ko bukkar tsinta nake ƙarawa tukuna. Duk manomin da ya taɓa buɗe rumbunsa a watan Yuli ya ga abin da ya rage kafin sabon gero ya san wannan lissafin.

Makaranta tana da nata tarkon. Gungume 50, dutse 16, ƙarfe 16, kuma ribarta a fili take: faskare 4 maimakon 3, amfanin gona 7 maimakon 5, maƙeri ya fitar da kayan aiki biyu daga abin da wanda bai yi karatu ba zai fitar da ɗaya. Sai dai yaron da zai fara aiki yana shekara 10 zai zauna aji har wajen 17, don haka shekarun farko bayan buɗe ta ba sabon hannu da zai shigo. Duk da haka da wuri nake buɗewa, tun gari bai kai mutum 30 ba, lokacin da gibin ƙarami ne. Ka kuma sa ido a kan malamin. In ya mutu ba leburan da zai maye gurbinsa nan take, ɗaliban duka suna watsewa su zama ma'aikata marasa ilimi, kuma ba sa komawa. Wannan kaɗai ya isa dalilin barin leburori uku ko huɗu a sake kullum, domin daga cikinsu wasan ke cike gurbin duk wanda ya mutu.

Wani ƙaramin abu da ke cutar da sababbi shi ne iyakar da wasan ke sa wa kowane kaya. Na abinci yana farawa a 5000. Da zarar rumbuna sun kai haka masu tsinta da masunta suna ajiye aiki. Ga gari mai mutum 20 ba laifi, ga mai 70 kuwa ko cin shekara ɗaya bai kai ba. Ka ɗaga shi tun da wuri, ka ɗaga na faskare da na gungume, ka kuma ƙara rumbu, gungume 48 da dutse 16, don in ba wurin ajiya amfanin a gona yake zama.

Ciniki kuwa ba ni gishiri in ba ka manda ne. Fatake suna zuwa ta kogi a jirgin ruwa, su tsaya a tashar da ka gina, kowane da irin hajarsa: iri, kaji, tumaki, shanu, dutse, ƙarfe. Abin da na fi biya da shi faskare ne. Darajar gungume 2 ce, faskare ɗaya 4, don haka gungumen da mai ilimi ya fasa huɗu ya tashi daga 2 ya koma 16. Da wannan nake sayen dutse da ƙarfe maimakon buɗe mahaƙa, wadda ke cin ma'aikata da yawa, tana kashe wasu, in ta ƙare kuma ta bar rami da ba a sake gini a kai. Da dutsen nake mayar da gidajen katako na dutse, gungume 24, dutse 40, ƙarfe 10, don sun fi riƙe ɗumi, itacen da suka rage ci ya koma tasha a sake sayarwa. Tumaki na fi nema a dabbobi saboda ulu.

Gidan giya akwai shi a jerin gine-gine don faranta wa jama'a, ban taɓa gina shi ba kuma ban ga garin ya rasa komai ba. Maƙabarta na rage wa iyali baƙin cikin rashi, mai maganin gargajiya a daji da abinci kala huɗu, hatsi da ganye da 'ya'yan itace da nama, suna riƙe lafiya. Rijiya kuma a sa ta tsakiyar kowace unguwa, don in gobara ta tashi daga nan ake ɗiba.

In gari ya samu zauren mulki da kasuwa da tashar fatake, baƙi masu yawo sukan zo neman a karɓe su, wani lokaci da yawa. Hannu ne da ake buƙata, kuma su ne maganin gari mai tsufa irin nawa na uku. Amma ba su yi makaranta ba, ba su da gidaje, kuma sukan shigo da cuta. Ba na karɓa sai ina da asibiti a gine da likita a ciki, da gidan saukar baƙi, da rarar abinci 100 ga kowane kai a kan na 'yan gari.